Langar zaure da kifin Auta

Daga akwatin saƙo. Wata 'yar'uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A yi kwamen da ladabi.

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma a ɓoye sunana, duk da na san akwai matan lungunmu a cikin nan, in sun gane ni ma su gane, na gaji. Rubutun zai yi tsawo, wanda ba shi da data ya wuce abinsa. Abu ɗaya nake roƙo tun kafin in fara, kar wanda ya rubuto min "ki yi haƙuri" ya kama gabansa. Haƙurin nake dafawa a gidan nan tun da aka kawo ni, kuma har yau ban ga yaron da ya ƙoshi da shi ba.

Muna cikin gari ne ta wajen Dala, irin lungun da adaidaita ba ta shiga, sai dai a sauke ka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Gidan gado ne na su maigidana, zan kira shi Malam don haka nake kiransa. Mu ne a ciki da yaranmu huɗu da mahaifiyarsa Inna, wadda tsufa ya zaunar a ɗaki. Sana'arsa wankin hula. Ba zan yi masa sharri ba, mutum ne mai neman na kansa, ba ya yawon banza, bai taɓa ɗaga min hannu ba. Kasuwar ce ta mutu. Da mutum bini-bini ya aiko da hula, yanzu sai ta yi maiƙo ta canza kala kafin ya tuna da mai wanki, don wanda bai ci ba ina shi ina sitacin hula. Ranar Juma'a ce kawai yake ɗan samu, shi ya sa Asabar da safe yake ajiye min kuɗin cefanen sati gaba ɗaya. Ba zan faɗi ko nawa ba ne, masu shi a cikinku za su ce ƙarya nake yi, marasa shi kuma sun riga sun sani.

Yadda nake juya kuɗin nan kuwa, da ana ba da satifiket a kai da tuni na rataya nawa a bango. Masara nake fara saya, in kai surfe in kai niƙa in tankaɗe, garin na tuwo, tsakin na fate, dusar ma ba ta faɗuwa ƙasa, akwai wata mai awaki a bayanmu da nake kai wa ta ba ni kuka da daddawa. Shinkafa mun daɗe da yin sallama da ita, afafata nake saya, wannan karyayyiyar baƙa-baƙar da a da kaji ake watsa wa, in zauna da faranti a cinya in yi ta tsintar tsakuwa har idona ya yi ja. Sai wake kaɗan, sai waken suya na awarar da nake soyawa yaran lungu suna saya, ribar ita ce gawayinmu da kuɗin mai ruwa. Kayan miya ba na aika a sayo da safe, sai yamma lis lokacin da mai tumatur ya gaji da zama, ya haɗa mana waɗanda suka fara laushi. Tuwon dare da yawa nake tuƙawa don ya kwana ya zama ɗumame, a kan ragowar wutar in ɗora waken gobe. Asabar da Lahadi ana ɗan fara'a, daga Laraba kwalbar mai ta fara nuna gindi, Alhamis kuwa ko yaran sun san ba ranar tambayar ƙari ba ce. Abin da ya yi kama da nama a gidanmu shi ne busasshen kifi guda biyu ƙanana, da ɗan ganda in an yi sa'a. Da a son raina ne daka kifin zan yi har kai da ƙaya, in riƙa barbaɗawa a miya kowa ya ji ɗanɗanonsa har ƙarshen sati. Amma ba na samun yin haka saboda langar zaure.

Ga waɗanda ba 'yan cikin gari ba bari in yi bayani. A zauren gidanmu ake ciyayya tun zamanin mahaifin Malam. In an idar da magariba mazan lungu sai su taru, kowa a fito masa da langar abincinsa daga gida, a jera a tsakiya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Su bakwai ne ko takwas, akwai tela, akwai malamin firamare, akwai wani Alhaji mai kanti a bakin titi wanda ya fi kowa abin hannu, sai Baba Ladan, tsohon da ke kiran salla a masallacin lungu. Suna ci suna siyasa, daga kansila har shugaban ƙasa sai sun naɗa sun sauke kafin tuwo ya huce. Kowa ya san langar gidan kowa, kuma kowa yana kallon abin da ke cikin ta wani. To ita langar nan ba a zuba mata abin da yara suka ci. Dole a ga tsokar kifi zaune a saman miya, dole mai ya taso, in shinkafa ce ba afafata ba, sai na sayo gwangwani ɗaya na mai kyau na dafa daban a ƙaramar tukunya. Wato tukunya biyu nake ɗorawa a gidan da ko ɗaya da ƙyar take cika. Kifin nan biyu da gandar duk a langa suke ƙarewa, mu da yara ruwan da na jiƙa kifin nake zuba mana a miya.

Na sha yi masa magana, tun ina yi da wasa har na koma yi da gaske. Na ce Malam abin da muka ci shi za a fitar, ai ba biki ake ba. Ya ce shi da yake sa hannu a kazar Alhaji, da wane ido zai buɗe koriyar kuka a gabansa. Na ce to ka daina sa hannu a kazar mana. Ya ce mu mata ba mu san mutunci ba, wai zauren ubansa ne, in kowa ya kawo abin kunya shi bai isa ya kawo ba. Abin da ke ƙona min rai, zai shigo yana sakace, ƙanshin kaza na tashi a hannunsa, ya tarar da yara sun kwanta da gayan tuwo a ciki, ya shafa kansu ya ce Allah ya yi musu albarka. Amin, amma ni na san da me suka kwanta.

Duk wannan na shanye shi shekara da shekaru. Abin da ya fasa min zuciya Auta ne, ɗan shekara huɗu. Babbar 'yata ce take fitar da langa ta dawo da ita, sai na lura kullum Auta yana tsaye a bakin soro yana jiran a miƙo masa, in ba a ba shi ba ya yi ta birgima. Na ɗauka son aike ne irin na yara. Ran nan na neme shi na rasa, sai na same shi a bayan randa ya kifa langar a fuskarsa yana lasa, a ɗaya hannun kuma ƙayar kifi ce da wani ƙato ya tsotse ya tofar, shi ma yana tsotsa. Da ya gan ni sai ya ɓoye ƙayar a bayansa. Ban dake shi ba, banɗaki na shiga na yi kukana na wanke fuska. Kifin da na saya, na jiƙa, na gyara da hannuna, sai ɗana ya same shi daga bakin wani.

A satin kuma zazzaɓi ya kama shi na kai shi asibitin sha-ka-tafi. Dama na jima ina ganin yaron ya yi fari, gashinsa ya yi ja-ja, in ana wasa shi ne farkon zama. Nas ɗin ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ta ce jininsa ya yi ƙasa, ta tambaye ni me yake ci. Na fara lissafa mata, ta katse ni ta ce, "Maman yaro, duk wannan cika ciki ne. Ki ba shi kifi, ki ba shi ƙwai da wake da ganye, in ba haka ba nan gaba ƙarin jini za a yi maganar." A gaban mata ta faɗa, kamar ni ce na zauna na cinye. Na dawo na gaya wa Malam, hankalinsa ya tashi ba ƙarya, ya sayo maganin da aka rubuta, ya ce in sha Allahu in kasuwa ta buɗe za a riƙa saya masa ƙwai. Na ce kifi fa, ga shi a gidan. Ya yi kamar bai ji ba ya ɗauki hulunansa ya fita.

To ranar Talatar da ta biyo baya na yi abin da ya jawo wannan rubutun. Garau-garau na yi na afafata da wake. Na ɗauko kifin langa na marmasa wa Auta da 'yan'uwansa a nasu, na tsiyaya musu man da nake adana wa zaure. Sannan na ɗauko langar na wanke ta tas, na zuba mata irin abin da yarana suka saba ci, afafata da wake, ɗigon mai, yaji a gefe, na rufe na ba yarinya ta kai. Ban gaya masa ba, don na san in na faɗa ba za ta fita ba. Kuma ban yi don in tozarta shi ba, Allah shi ne shaidata, so nake ya gani da idonsa a gaban mutane cewa ba a mutuwa don an ci abin da 'ya'yansa ke ci.

Abin da ya faru a zauren matar tela ce ta ba ni labari, ita ma daga mijinta. Wai da aka buɗe sai Malam ya ƙura wa langar ido kamar ba tasa ba. Baba Ladan ne ya fara bismilla ya sa hannu, sauran suka bi. Tsautsayi kuma, duk tsintar da na yi ashe akwai tsakuwar da ta kuɓuce min, kuma ba ta faɗa bakin kowa ba sai na Alhaji. Ya tauna ya ji ƙas, ya fito da ita ya ɗora a tafin hannu ya ce, "Malam, ashe gini ake a gidan ba a gaya mana ba?" Aka yi dariya, shi ma Malam ya yi, irin wadda haƙori ne kawai a waje. Da ya shigo sai ya kwanta ya juya min baya. Ni kuma a raina na ce tsakuwar da yarana ke taunawa kullum ba wanda ya taɓa yin dariya, yau ta taɓa haƙorin mai kanti ta zama labari.

Washegari da hantsi, lokacin da lungu ya cika da mata masu aike da 'yan makaranta, sai ga mai kura ya turo ƙaramin buhun shinkafa da galan ɗin mai, yana ɗaga murya wai ina ne gidan Malam mai hula, Alhaji ya ce a kawo sadaka. Sadaka fa ya ce, kowa yana ji. Na san bai kyauta ba, da ya so da bayan duhu zai aiko a shiru. Amma ni uwa ce, na kalli buhun na kalli Auta, na ce a shigo da shi an gode. Nan take na farke bakin na auni gwangwani uku na ɗora, yaran suna zagaye da murhu kamar ranar Salla. Malam ya dawo da azahar labari ya riga ya iske shi a titi. Ranar na ga ɓacin ran da ban taɓa gani ba. Ya ce na tsiraita shi jiya, yau kuma na karɓar masa bara, wai ubansa har ya koma ga Allah ba a taɓa turo masa kura da sunan sadaka ba. Na ce ubanka bai ga tsadar da muke gani ba. Ya ce in rufe masa baki. Ya tambaye ni nawa na ɗiba na gaya masa. 'Yan'uwa, ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi, ya sa na miƙo masa ragowar kuɗin cefanen da ke hannuna, ya je kanti, ba ma na Alhajin ba, wani can daban, ya sayo shinkafa mai kyau gwangwani uku ya cika buhun, ya ɗinke bakin da allurarsa, ya saɓa a kafaɗa ya ɗauki galan ya mayar. Wato ba mu samu buhu ba, kuma kuɗin Alhamis da Juma'a ya tafi wajen cika buhun mai kanti. Wadda na dafa yaran suka ci, shi ko kallonta bai yi ba.

Abin da ya cece mu ranar Alhamis ledar taliya ce guda biyu da na ɓoye a ƙasan akwati tun rabon 'yan siyasa na zaɓen da ya wuce, har ta fara farfashewa. Ita na dafa da manja cokali ɗaya. Juma'a kuwa koko aka sha safe da rana, da ragowar awarar da ba ta sayu ba. Wanda ya taɓa raba taliya leda biyu wa baki bakwai ya san abin da nake faɗa.

Tun daga ranar Malam ya daina shimfiɗa tabarma a zaure. In ya idar da magariba sai ya shigo ɗaki ya zauna, ya ci abin da na ba shi ba magana. Da mai zaure ya janye sai ciyayya ta watse, kwana biyu wasu suka zo suka tsaya a ƙofa suka juya, daga nan kowa ya koma cin nasa a gida. Ga matan lungu kuma, a bayan ido matar tela ta riƙe hannuna ta ce wallahi na fanshe su, ita ma shekara nawa tana tukunya biyu, mijinta har bashin nama yake ci saboda langa. Amma a gidan suna da aka yi ita ce a gaba wajen cewa wance ta kashe ciyayyar da ta girme ta, mace mara kunya ta kunyata mijinta a gaban maza. Ina jin su na yi kamar ban ji ba. A gidana kuwa sati biyun nan kifi na shiga cikin yara, na samu har na sayi ƙwai sau biyu, Auta ya fara gudu a tsakar gida, jiya har faɗa ya yi da yayansa a kan ƙwallo. Ban taɓa jin daɗin faɗan yara ba sai jiya.

Sai Inna ta kira ni ɗakinta. Tsakani da Allah ba ta taɓa shiga tsakanina da ɗanta ba, shi ya sa na zauna na saurara. Ta ce, "'Yar nan, ba zan ce ba ki da gaskiya ba, amma akwai abin da ba ki sani ba." Ta ce mahaifin Malam ya rasu ne shekarar da soja suka miƙa mulki, ya bar ta da yara ba ko sisi, Malam lokacin bai fi shekara goma sha biyu ba. Bayan an share makoki ta ɗauka ciyayya ta tashi tunda mai zaure ba ya nan, sai ta ga mazan sun ci gaba da zuwa da langunansu kamar ba abin da ya faru, ita ba ta fitar da komai. Su ci kaɗan su janye hannu, su ce wa Malam ya kwashe kwanuka ya kai ciki a wanke. Ashe da gangan suke ragewa. Ta ce da ragowar nan ta raini 'ya'yanta shekaru, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya kira shi sadaka, wanke kwano ake kawo mata. Ta ce shi ya sa Malam yake ganin in ya fitar da abin da bai kai ba kamar ya ci amanar mutanen nan ne. Sannan ta tambaye ni ko na san inda Baba Ladan yake cin abincin dare yanzu. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa ba sa gari, shi ba ya kawo langa, nasa shi ne ya share zaure ya cika buta, a haka yake ci ba tare da ya roƙi kowa ba.

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ina fitowa daga ɗakin raina ya ƙara ɓaci fiye da da, kuma na koma na faɗa mata da ladabi. Na ce Inna, waɗancan mutanen ragewa suke yi wa yaran gidan. Na yanzu fa? Shekara nawa ina fitar da langa, ban taɓa ganin ta dawo da loma ɗaya ba, har yatsa suke sawa su sharce gefe, abin da ke dawowa yaran gidan ƙaya ce. Kazar Alhaji da ake ta faɗa, ko fiffike ɗaya wani ya taɓa cewa a kai wa yara ciki? Waɗancan sun ciyar da marayu ba wanda ya ji, wannan buhu ɗaya ya bayar sai da ya haɗa da mai shela. In ciyayya rufin asiri ce, wa ya mayar da ita gasar tukunya, ni? Inna ta ce zamani ne. Na ce to zamanin a kan cikin Auta zai ƙare?

Maganar Baba Ladan dai ta tsaya min a rai. Na sa babbar 'yata ta lura, ta zo ta ce min ta gan shi bayan magariba a shagon lungu yana sayen garin kwaki da ƙuli, da ya gan ta sai ya tura ledar cikin aljihun riga. Kuma har yau kullum da yamma sai ya share ƙofar zauren ya cika butar ya ajiye, ba mai zuwa. Shekaranjiya na kasa daurewa. Tuwon masara na yi da miyar kuka, na zuba malmala biyu a ƙaramin kwano, na gutsuri kifi ɗan kamar yatsa biyu na ɗora a sama, na ba yarinya na ce ta bi ta baya ta kai masa ɗakinsa na jikin masallaci, ta ce in ji Inna. Da safe kwanon ya dawo a rufe. Na buɗe na tarar ya ci malmala ɗaya ya bar ɗaya, kifin kuma yana nan yadda na sa shi ko taɓawa bai yi ba. Ya ce wa yarinyar, "Ki ce wa mamanku tuwo ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Wannan a ba ƙaramin, na ji an ce ba ya jin daɗi." Na zauna a bakin murhu da kwanon a hannu na rasa abin da zan yi, kuka ko zagi. Duk mazan zauren nan masu albashi da masu kanti, wanda ba shi da abincin dare ne kaɗai ya tuna akwai yaro a gidan.

Yanzu ga inda ake. Jiya Malam ya buɗe baki ya yi min magana ta farko mai tsawo. Ya ce mutanen lungu sun same shi a masallaci, har Alhajin ya ba shi haƙuri wai wasa ne, kuma sun ce ranar Asabar za a dawo da ciyayya. Ya ce zaɓi biyu gare ni. Ko in koma yin langa yadda na saba, da kifi a sama da shinkafa mai kyau, ko kuma ya cire kuɗin langar daga cefanen sati tun kafin ya ba ni, ya riƙa sayen abinci wajen mai abinci a bakin titi yana juyewa a langa kamar daga gida ya fito. Na ce akwai na uku, a fitar da abin da muka ci, wanda ya raina ya kawo nasa ya ci. Ya ce wannan ba ya cikin lissafi, ya rantse ba za a sake yi masa dariya a zauren ubansa ba. Na ce to ka gaya musu gaskiya yaronka ba shi da jini. Ya ce shi ba zai kai tallan gidansa majalisa ba. Na tambaye shi tsakanin dariyar Alhaji da ƙarin jinin Auta wanne ya fi tsoro, sai ya tashi ya fita, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Shi ya sa na ce muku ba mugu ba ne, kuma shi ya sa abin ya fi ci min rai, da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Kar a ce in nemi sana'a, ina yi, hannuna duk ƙunar man awara ne. Kar a ce in tafi gidanmu, mahaifina ɗan fansho ne, su ma tukunyarsu da ƙyar take tafasa, kuma ba aurena nake son kashewa ba. Na yi tunanin in ce na amince sannan in ci gaba da zuba musu afafata, amma na san wannan karon ba juya baya kawai zai yi ba. Na yi tunanin in je wajen limamin lungu, sai na tuna shi ma wani lokacin yana zama a zauren. Na yi tunanin in haɗa kai da matan lungu duk mu fitar da abin da yara suka ci rana ɗaya, amma kun ji irin matan da nake da su. Kuma ba na son Baba Ladan ya koma jiƙa gari, wannan ma ya hana ni barci.

Asabar jibi ce. In na amince kifin ya koma zaure, in na ƙi kuɗin kifin ya koma wajen mai abinci, ta ko'ina aka bi Auta ne ba shi da rabo. Mazan da ke cikin nan, musamman 'yan cikin gari masu zama ciyayya, ku gaya min tsakani da Allah, kun taɓa tambayar me yaran gidan suka ci kafin a fito muku da langa? Wace magana zan yi wa Malam ta shiga kunnensa ba tare da ya ji na taka shi ba? Matan da suka taɓa shiga irin wannan, ya kuka yi? In kuma ni ce mai laifi ku faɗa min kai tsaye, zan ɗauka, amma ku haɗa da yadda zan yi da yaron.

Ɗan kifin da Baba ya dawo da shi na marmasa wa Auta a ɗumame, ya cinye ya lashe yatsunsa, ya ɗago ya tambaye ni ko gobe ma akwai. Ban ba shi amsa ba, ku nake jira.